Yadda za ki shirya bikin wani gari kina zaune Sakkwato, kuma gida bai tsaya ba

Yanzu abin da ake yayi shi ne a ce bikin ga ba Sakkwato za a yi shi ba, Abuja za a tafi, ko Kaduna ko Kano, masu hali ma har Dubai ko Masar, wasu su ce sai sun haɗa da Umra. Wani lokacin kuma ba yayi ba ne dole ce, ango can yake aiki, rabin danginshi suna can, ko uban amarya ya koma can da zama. Ko ma mi ne ne dalili, ke da anka ɗora ma lamarin, uwar amarya ce ke ko yayarta ko ƙanwar uwa, kina nan Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla kuma ba wanda zai ɗauke miki girki, yara boko da safe Islamiyya da marece, maigida na jiran abincinshi, ga wanki, ga 'yan garuwa da sai kin yi ta leƙe kafin ki samu mai kawo ruwa. Duk da haka ana iyawa.

Tun kafin a fara zancen hol ko anko, ku zauna da manya ku raba bikin gida biyu, abin da zai tsaya gida da abin da za a ɗauka a tafi da shi. Ni dai shawarata kullum a bar ɗaurin aure Sakkwato. Abin da aure ke buƙata waliyyi ne da sadaki da shaidu biyu da siga, ango ma ba dole sai yana wurin ba tunda akwai wakili, to don mi za a kwashi tsofaffi a sa su yini cikin mota? A ɗaura ƙofar gida ko masallacin Juma'a, baffanni da kawunnai da liman da maƙwabta kowa ya shaida, a raba goro da dabino da alewa, an fita haƙƙinsu. Sa lalle ma a yi shi gida inda mata za su sake. Sai a bar dina ko walima da kai amarya su zama na can. Wanga kaɗai zai rage miki masu tafiya sosai, ya kuma rage ƙorafi, don mutum in ya shaida ɗaurin aure da wuya ya ce an ware shi.

Nan ma a gama zancen sadaki, mafi ƙarancinshi rubu'in dinari ne kuma yana hawa yana sauka da farashin zinari, sai a tambayi malamai a watan da za a ɗaura. Gwajin jini kuma, na sikila da sauransu, a yi shi kafin a biya ko sisi a wani wuri.

Sa rana ba abin gaggawa ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hazo ne, kuma duk wanda ya saba bin filin jirgi na Sultan Abubakar III ya san in hazo ya sauka ana iya jinkirta tashi ko a soke gaba ɗaya, ga tikiti na tsada a Disamba. In lokacin anka zaɓa, amarya da uwayenta su tashi ana saura kwana biyu, ba ranar jajibiri ba. Maris zuwa Mayu kuwa zafin garin ga kin san shi, ya kan wuce digiri 40, zirga-zirgar kasuwa da tela sai ta kwantar da mutum. Makonnin kafin azumi kowa aure yake yi, teloli sun cika, masu hol sun ƙara kuɗɗi. Ki ɗauko kalandar makarantar yaranki ki aje gefe kafin ki ce to, in akwai mai rubuta WAEC a gidan kada ki yarda da Mayu ko Yuni ko da an matsa miki.

Sai ki nemi idonki a can. Mutum ɗaya, ba gurup ɗin WhatsApp mai mutum talatin da kowa ke turo hoton kwalliya ba. Wata 'yar uwa ko aminiya da ke zaune garin, wadda ba ta jin kunyar ciniki kuma in kin kira za ta ɗauka. Ita za ta taka da ƙafarta ta je hol ɗin ta kira ki ta bidiyo ki gani, don hoton Instagram kan yi ƙarya. Ta sa a tada janareta gabanta ta ji ko yana ɗaukar na'urar sanyi, ta leƙa bayin mata, ta duba akwai wurin alwala da salla, ta tambaya ƙarfe nawa suke kashe wuta su ce a tashi, kuma ko sun yarda a shigo da abinci da lemo daga waje, don wasu wuraren sai dai ki saya hannunsu da tsada. Mai abinci kuma, wakiliyar taki ta ɗanɗana girkinta tukuna. Kuma don Allah kada ki biya kowa kuɗɗinshi duka, a ba da kafin alƙalami a karɓi rasit mai ɗauke da rana da abin da anka yi alkawari, ciko sai an ga aiki. Ita kuma idon naki ki riƙa tura mata na mota da na kati ba sai ta tambaya ba, hidima take miki.

A gida kuma ki yanke ma biki lokacinshi. Sa'a ɗaya bayan yara sun fita makaranta, ko bayan isha'i in an kwanta, nan za ki yi kiraye-kirayenki ki tura abin da za ki tura. In kinka bari waya ta bi ki madafa, kina tuƙa tuwo kina ciniki da mai kwalliya, to tuwon zai yi gudaji cinikin ma ba zai yi kyau ba. Ki samu littafi guda mai kauri, ba takardu barkatai ba, kowane mutum da shafinshi, tela, mai hoto, mai hol, direba, nawa anka yi, nawa kinka ba da, saura nawa. Kuɗɗin biki su zauna wani asusu daban, ko na banki ko wurin wata amintacciya. Na cefane da na makarantar yara ba a taɓa su, ba a "ara" a ce za a mayar in gudummawa ta shigo, gudummawa ba ta da tabbas, wanda kike sa ran zai ba da dubu ɗari sai ya zo da turmin atamfa da addu'a. In za ki shiga adashi ki nemi kwasar da za ta faɗo wata guda kafin biki. Ranar tafiya kuma ki riƙe tsabar kuɗi a jikinki ban da na waya, wanda ya ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba sai an yi mishi bayani ba.

To ga inda rigimar take, wa za shi wa zai zauna. Nan zumunci ke ɓaci in ba a yi hankali ba. Kowa ya ji Abuja sai ya fara wankin kaya, gwaggo za ta, 'ya'yan gwaggo za su, maƙwabciya ta ce ai ita ta yi renon amarya. Ki zauna da uwar amarya da wata babba da ake jin maganarta a dangi ku rubuta suna, ku daidaita shi da yawan kujerun mota da ɗakunan kwana, ba da yawan waɗanda kuke jin kunya ba. Kowane ɗaki na dangi a ba shi kujera ɗaya ko biyu su zaɓi nasu da kansu, kin ga laifi ya bar kanki. Kuma a faɗa da wuri, baki da baki, ki je har gida ki ce Inna wallahi wurin ne ba shi da yalwa, amma ranar lalle ke ce gaba. Kada mutum ya ɗinka anko sannan ya ji babu shi. Wanda ya ce zai kai kanshi da kuɗɗinshi a gaya mishi gaskiya ko akwai masauki ko babu. Ni a ganina ma anko iri biyu ɓarna ce, guda ya isa na gida da na can.

Tafiyar mota yini guda ce cur, Gusau, Funtua, Zariya, daga nan mai Kano ya yi Kano mai Kaduna da Abuja ya miƙe, kuma halin da hanyar take ciki ba ɓoyayye ba ne. A tashi da an sallame asuba, ba tafiyar dare ko wa ya ce ya san hanya, a tambayi direbobin tasha labarin hanya ana gobe tafiya, kuma kada a zuba 'yan gida ɗaya duka mota ɗaya. Wanda ya gaji zai iya kwana Kaduna ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Gado da kujeru da firji a saye su garin da amarya za ta zauna, 'yan jere su riga kowa isa. Abin da ya cancanci a ɗauko daga gida shi ne wanda can ba za a samu irin namu ba, alkaki, nakiya, dubulan, kilishi, yaji, turaren wuta. Humra kuwa a ɗaure bakin kowace kwalba da leda a naɗe da salatif, a sa ta tsakiyar tsofaffin zannuwa cikin bokiti mai murfi, nesa da akwatin leshi, don in kwalba ɗaya ta fashe cikin farin leshi an gama. Mai bin jirgi ta sani ba a barin ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, amma kayan da amarya za ta sa ranar dina da sarƙarta su kam a jakar hannu za su zauna, akwati kan yi lattin isowa.

In ƙasar waje ce fasfo ne farko. Sunan da ke NIN ya dace da na sauran takardu harafi da harafi, kuma fasfon ya zama da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Kada a biya otal ko hol sai biza ta fito, Dubai ta taɓa rufe ma 'yan Najeriya biza tun ƙarshen 2022 sai tsakiyar 2024 ta buɗe. Ko nan kusa, masu dangi Ƙonni sun ga yadda anka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Saudiyya ba a shiga da goro, kuma kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da kin san fuskarshi.

Saura gidan da za ki bari. Ki samu babba guda da za ta kwana da yara, ba 'yar aiki kaɗai ba, ki zaunar da ita gaban maigida a yi magana kowa ya ji. A yi niƙa, a cika gas, a biya mai ruwa na kwanakin. Kada ki dogara da miyar firji tunda wuta ba ta da alkawari, gara ki soya nama ya bushe, ki yi dambun nama, ki aje garin kunu da kuka da kuɓewa busassa da daddawa. Yunifom a wanke a goge a jera na kowace rana, a gaya ma mai keken da ke kai su makaranta wa zai riƙa miƙa ma yara in ya dawo da su. In akwai tsoho mai shan maganin hawan jini ko na suga, ki rubuta lokutan da manyan baƙi ki manna jikin bango kusa da gadonshi tare da lambarki da ta wani maƙwabci. Mai shan nono dai da ke za shi, ki ɗauki yarinya guda da aikinta riƙon shi kawai. Ranar dawowa kuma ki sa ta faɗo Asabar, ki samu Lahadi ki yi wanki ki zaga gidajen waɗanda ba su je ba ki kai musu nasu alkakin da bangajiya kafin Litinin ta yi.