Yadda za ka dore da atisayen dambe kana kuma gyaran jiki

Gajiya ce ke korar matasa da yawa daga dambe, tun kafin naushi ya kore su. Yaro ya zo yana son ya iya sa zare, wato ɗaure hannu ya shiga fili ya yi dambe, yana kuma son rage tumbi ko tara ƙwanji, sai ya haɗa gudu da ɗaga ƙarfe da dambe kullum ba hutu. Mako na uku kafaɗa ta riƙe, barci ya ƙi, sai neman uzuri.

Zaɓi buri ɗaya ya ja gaba na mako 8. Idan dambe ne, ba shi kwana 3, misali Litinin, Laraba da Asabar. Ƙarfin jiki kwana 2, minti 40 ya isa. Sauran kwana 2 hutu ne na gaske. In dole ka haɗa su a rana guda, fara da dambe. Hannun da ƙarfe ya gajiyar yana sauke garkuwa, wato tsaron da kake tare naushi da shi, kuma abin da jiki ya yi ta maimaitawa cikin gajiya shi zai yi a fili.

Dambe turmi uku ne, ƙarfinsa kuma a yunƙuri yake, don haka gudun kilomita 10 kullum ɓarnar ƙafa ce. Ka sheƙa da gudu daƙiƙa 30, ka taka a hankali daƙiƙa 90, sau 6 zuwa 8, sau biyu a mako. Wannan ne ke ba ka numfashin turmi na uku.

Akwai inda 'yan dambe da yawa ke cutar da kansu. Hannun mashi, wanda ake naɗe wa ƙyalle da zare, shi ke duk aikin duka, na garkuwa kuwa yana miƙe yana taro. Bayan watanni sai kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ƙugu ya saba juyawa gefe guda, ciwon baya ya biyo. A ranakun ƙarfin jiki ka yi wa ɓangarorin biyu aiki daidai, ka fara da mai raunin, kuma ka yawaita jan nauyi zuwa ƙirji fiye da turawa. Wajen ɗauri, idan yatsu suka yi sanyi ko suka fara mutuwa, kwance zaren nan take, jini ne ba ya wucewa.

Mai rage ƙiba kada ya wuce rabin kilo a mako, kuma ya hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe. Abin da ya ragu tsakanin farkon atisaye da ƙarshensa gumi ne. Kowane kilo kusan lita guda ce ta ruwa da za ka mayar. Kada a yanke tuwo gaba ɗaya. A rage malmala, a ƙara wake, ƙwai, kifi ko nono.

A gidan dambe akwai kalangu da kirari, a filin atisaye kuwa daga kai sai ƙura, shi ya sa zuciya ke yin sanyi. Sami abokin da za ku riƙa biya wa juna, domin kunyar wanda ke jiranka a ƙofar gida ta fi ƙararrawar waya tasiri. Riƙe ɗan littafi: turmi nawa ka yi, abu ɗaya da maigidanka ya gyara maka, awa nawa ka yi barci. Lokaci-lokaci je ka kalli manyan 'yan damben ɓangarorin Arewa, Kudu da Guramada, a dandalin Ado Bayero a Kano ko a Dei-Dei a Abuja, ka zuba ido kan ƙafafunsu. Tramadol kuwa ka nisance ta: tana ɓoye ciwo har rauni ya yi nisa, tana kuma iya jawo farfaɗiya.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ka yi atisaye bayan asuba ko dab da magariba. Da azumi ka rage nauyin zuwa rabi, ka mayar da mai wuyar bayan buɗe-baki. Wanda ya sha naushi a ka ya ji jiri, amai ko ciwon kai, ya tsaya ya ga likita, kada ya sa zare sai an ba shi izini. In ka yi fashin fiye da mako 2, dawo da rabin abin da ka saba, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako.