Yadda Ake Binciko Tarihin Kulob da Filinsa a Wasannin Gargajiyar Ayilan

Wanda yake son sanin asalin wani kulob na ƙungiyar wasannin gargajiyar Ayilan, wato GAA, ya fara da raba sunan kulob da sunan fili, domin sau da yawa mutane biyu daban ake tunawa da su. A garin Killarney da ke gundumar Kerry, kulob ɗin Dr Crokes, wanda aka kafa a 1886, ya ci sunan Thomas Croke, babban bishop na Cashel, wanda ya zama uban ƙungiyar GAA bayan kafa ta a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884. Babban filin garin kuwa, wanda aka buɗe a 1936, sunan Dick Fitzgerald yake ɗauke da shi, ɗan wasan wannan kulob da ya ci kofin ƙasa na ƙwallon ƙafar gargajiyar Ayilan sau biyar tare da ƙungiyar gundumar Kerry, ya kuma rasu a 1930.

Bayan haka sai a nemi mutumin a takardu. Ƙidayar jama'a ta 1901 da ta 1911 tana nan kyauta a intanet a shafin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasar Ayilan, kuma a ciki ake ganin unguwar mutum da sana'arsa da mutanen gidansa. Idan mai sunan yana da hannu a gwagwarmayar neman 'yanci, kamar Fitzgerald da aka tsare a sansanin Frongoch da ke Wales bayan tawayen da 'yan Ayilan suka yi wa mulkin Birtaniya a 1916, to a duba bayanan shaidu da rundunar sojan ƙasar ta tattara. A riƙa neman sunan da harshen Ayilan ma, domin allunan filaye kan fara da kalmar Páirc, wadda ke nufin fili.

Tarihin ƙasar da aka gina filin a kanta shi ne ya fi wuyar samu, kuma a ganina shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. Tsofaffin jaridun yanki, irin su The Kerryman, da littafin zaman kwamitin kulob da ke hannun sakatare, su ne ke nuna wanda ya sayar da gonar, da yadda aka yi karo-karo aka biya, da waɗanda suka yi aikin ƙarfi. A Killarney, marasa lafiya na asibitin St Finan sun taimaka wajen gina filin ƙarƙashin jagorancin likita Eamonn O'Sullivan, abin da sunan da ke bakin ƙofa ba zai taɓa gaya wa baƙo ba.

Kada a bar dattawan kulob sai ƙarshe, tun da abin da ke bakinsu ba ya jira. A naɗi hirarsu da izininsu, sannan a gwada kowace shekara da suka ambata da abin da jarida ta buga a lokacin kafin a rubuta ta.