Yadda ake lissafin barbashin da ke zurarewa daga tokamak

Duk wanda ya ajiye ruwa a randa cikin zafin Afrilu a Garwa ya san cewa ba sai ta fashe ba ruwan ke raguwa, domin tsattsafowa yake yi ta jikinta. Haka filasma, wato gas mai tsananin zafi da ya rabu zuwa barbashi masu cajin lantarki, take a cikin tokamak, na'urar nan mai siffar zobe da masanan Tarayyar Sobiyat suka ƙirƙiro a shekarun 1950 don neman makamashi ta haɗe ƙwayoyin atam: maganaɗisu yana riƙe da barbashi masu zafin da ya haura digiri miliyan 100, amma kullum wasu na sulalewa zuwa bango. Ɗalibin fiziks a Marwa ko Ngaundere da aka miƙa wa bayanan gwaji, ga hanyar da za ka bi.

Fara da ƙidaya abin da ke cikin randar. Ana gano cunkoson barbashi ta hasken leza da ake ratsa filasmar da shi, sai ka ninka da girman filasmar. Sannan ka nemi adadin da ke fita a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da ƙananan sandunan lantarki da aka dasa inda barbashin ke sauka, ko da jan hasken da haidurojin ke fitarwa a nanomita 656. Raba adadin farko da na biyu, ka sami lokacin riƙe barbashi.

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Bangon na'urar ba ya haɗiye duk abin da ya same shi, mafi yawansa yakan dawo cikin filasma, kamar a ce ana tare ruwan da ya tsattsafo ana mayar da shi randar. Saboda haka idan ka rufe bututun da ke shigar da gas cikin na'urar ka zuba ido ga raguwar cunkoso, lokacin da za ka gani ya fi na gaskiya tsawo. Gyaran shi ne ka ninka shi da kason da bai dawo ba. A misali, idan ka ga daƙiƙa 2 alhali kashi 90 cikin 100 na dawowa, lokacin gaskiya daƙiƙa 0.2 ne kacal. A ganina, lissafin da bai faɗi kason da ke dawowa ba bai cancanci a dogara da shi ba.

Daga nan ka nemi sanadi. Karon barbashi da juna yana da nasa kaso, amma hargitsin cikin filasma ne ke kwashe mafi yawa. A 1982, a na'urar ASDEX ta Jamus, an gano yanayin da hargitsin ke lafawa a gefe, sai dai a wannan yanayin gefen yakan yi aman barbashi lokaci zuwa lokaci, abin da za ka gani a bayananka kamar haƙoran zarto a layin jan hasken.

Kada kuma ka lissafa duk abin da ya fita a matsayin asara, domin hiliyam da haɗewar dayuteriyam da tiritiyam (nau'o'in haidurojin masu nauyi) ke haifarwa toka ce, dole a zuƙe ta, shi ya sa na'urar ITER da ake ginawa a kudancin Faransa take da famfunan zuƙa a ƙasanta.