Yadda ake canza famfon sitiyarin Honda EOD (wato Honda Accord) in ya fara yoyo

In kaga mai yana ɗiga gefen injin kuma sitiyari na kuka in ka juya, kar kayi saurin sayen famfo, fara duba ƙaramar robar nan mai kamar zobe da ke bakin tiyon da mai ke shiga famfon, sau da yawa ita ce ta bushe take jan iska, kuma kuɗinta kaɗan ne.

In famfon ne da kansa to ka bari injin ya huce, ka zuƙe man da ke cikin tankin man sitiyari, ka sassauta bel ka cire shi, sannan ka kwance tiyo biyun da ke jikin famfon, mai zai zubo sai ka tara gwangwani. Kwance notocin ka fidda famfon ka ɗaura sabo da sabuwar roba.

Don Allah man sitiyari na Honda zaka zuba, kar ka yarda a zuba maka man giya, shi ke cinye robobin. Ɗaga gaban motar da jak, kayi ta juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe injin a kashe, har kumfa ta daina fitowa, ka ƙara mai sannan ka tada.