Laka a Abu Ishirin: a yashe tun kafin Yuli

Salamu alaikum 'yan uwa manoman Jazira ta Sudan. Daga Yuli zuwa Agusta ruwan da ke fitowa daga madatsar Sinnar jawur yake, cike da lakar tsaunukan Habasha. In an yi ruwan sama gona ta jiƙe, don Allah a rufe bakin Abu Ishirin, wato ƙaramar tur'a (hanyar ruwa) da ke kai ruwa gonaki. Domin ruwan da ya shigo ya tsaya cik, nan yake sauke lakarsa.

In za a yashe, a fara cire ciyawa, ita ke riƙe laka. Sannan wanda ya yashe kada ya tara a gefen tur'a. Bara na yi wannan kuskure, ruwa ɗaya ya mayar da ita, dawata ta can ƙarshe ta sha ƙishi. Ku bari ta bushe, ku watsa a gona, taki ce.