Yadda ake auna tarihin aikin ɗan takarar alƙalanci a kotun ICC

Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC da ke birnin Hague, alƙalai 18 gare ta. Kowane alƙali wa'adin shekara tara yake yi, ba tazarce, kuma duk bayan shekara uku ake zaɓen sabbi shida. Jami'in ma'aikatar shari'a da ke shirya ɗan takara, ko ɗan jarida ko lauyan da aka miƙa wa takardar tarihin aikin wani ya duba, duk daga Sashe na 36 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun, za su fara, domin nan sharuɗɗan suke.

A fara da abin da ke kayar da mutum nan take. Dole ɗan takara ya kasance ɗan ƙasar da ke cikin yarjejeniyar, ko da wata ƙasa ce ta tsayar da shi. Ɗan Najeriya, Gana ko Chadi zai iya. Ɗan Sudan ko Kamaru ba zai iya ba. Ba a haɗa alƙalai biyu 'yan ƙasa ɗaya. Sai ya ƙware sosai a Turanci ko Faransanci. Sannan sai ya cika sharaɗin riƙe muƙamin alƙalanci mafi girma a ƙasarsu. A Najeriya, tsarin mulki ya gindaya shekara 15 da zama lauya kafin a hau kujerar Kotun Ƙoli.

Daga nan sai a tantance jerin da zai shiga. Jerin A na waɗanda suka goge ne a shari'ar laifuka da ƙa'idojin gudanar da ita: alƙalai, masu gabatar da ƙara, lauyoyi masu kare wanda ake tuhuma. Jerin B na masanan dokokin ƙasa da ƙasa ne, musamman dokokin yaƙi da na kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda suka daɗe suna aikin shari'a a fagen. Kotun na buƙatar aƙalla tara daga A da biyar daga B. Wanda ya cancanci duka biyun shi zai zaɓi guda. Chile Eboe-Osuji na Najeriya, wanda aka zaɓa a Disambar 2011 kuma ya shugabanci kotun daga 2018 zuwa 2021, ta jerin A ya shiga, bayan ya yi aikin gabatar da ƙara a kotun Majalisar Ɗinkin Duniya ta shari'ar kisan ƙare dangi na Ruwanda da ta zauna a Arusha, Tanzaniya. Akua Kuenyehia ta Gana kuwa, ɗaya daga cikin alƙalan farko na 2003, daga shugabancin tsangayar shari'a ta Jami'ar Gana ta fito, ta jerin B.

A jerin A ne ake yawan yaudarar kai da girman muƙami. Idan takarda ta ce "alƙalin babbar kotu, shekara ashirin", kada a tsaya nan. A nemi jerin hukunce-hukuncen da ya rubuta, a ware na rikicin fili da kwangila da zaɓe gefe guda, a ƙirga na laifuka. Cikin na laifukan, nawa ne aka saurari shaidu da yawa tsawon watanni? Ya taɓa yanke hukunci kan ɓoye sunan mai shaida, ko kan hujjar da masu gabatar da ƙara suka ƙi nuna wa ɓangaren wanda ake tuhuma? Ya taɓa sauraron wadda aka yi wa fyaɗe ta bakin tafinta? Aikin yau da kullum a Hague ke nan. Sashe na 39 ya ce ɓangaren share fage da na sauraron shari'a su ƙunshi mafi yawa alƙalan da suka saba da zaman shari'ar laifuka, saboda alƙalin da bai iya tsawata wa lauyoyi da riƙe jadawali ba yakan sa shari'a ta yi ta jan ƙafa, wanda ake tuhuma yana tsare, waɗanda aka zalunta suna jira.

Ko gogaggen alƙalin laifuka yana da karatun da zai yi kafin ya fito. Tsarin kotun gauraye ne na salon shari'ar Ingila da na Faransa. Akwai zaman tabbatar da tuhuma a Sashe na 61, akwai damar da Sashe na 68 ya bai wa waɗanda aka zalunta su shiga shari'a da lauyoyinsu, akwai alhakin kwamanda kan laifin dakarunsa a Sashe na 28. Kan wannan na ƙarshen ne alƙalai uku cikin biyar suka wanke Jean-Pierre Bemba, tsohon madugun 'yan tawaye kuma tsohon mataimakin shugaban ƙasar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a ɗaukaka ƙara a Yunin 2018. Ɗan takarar da bai karanta wannan hukunci ba bai shirya ba.

A jerin B, abin dubawa shi ne ko aikin shari'a mutum ya yi ko na jakadanci zalla. An yi ta ƙorafi lokacin da aka zaɓi Fumiko Saiga ta Japan a 2007, jakadiya ce mai ƙwarewa amma ba ta da digirin shari'a. A duba kuma muƙaman da ɗan takara ya riƙe a gwamnati. Sashe na 41 ya hana alƙali zama a shari'ar da ya taɓa sa hannu a cikinta ta kowace fuska, Sashe na 40 kuma ya hana duk aikin da zai jawo shakku kan 'yancinsa. A 2019 Kuniko Ozaki ta karɓi muƙamin jakadiyar Japan a Estoniya alhali tana cikin alƙalan shari'ar Bosco Ntaganda, tsohon kwamandan 'yan tawaye a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Da surutu ya yi yawa, sai ta ajiye jakadancin.

Hanyar tsayarwa biyu ce kawai: ko wadda ƙasa ke bi wajen naɗa manyan alƙalanta, ko wadda ake bi wajen tsayar da 'yan takarar Kotun Duniya mai sasanta ƙasashe. Kowace ƙasa mutum ɗaya za ta gabatar, tare da bayani dalla-dalla kan yadda ya cika kowane sharaɗi. Ƙasar da ta tallata gurbin a fili, ta kafa kwamitin tantancewa mai alƙalai da lauyoyi da malaman jami'a, ta fi samun abin rubutawa a wannan bayani fiye da wadda ta fito da suna daga ofishin minista.

Bayan haka akwai kwamitin ba da shawara mai mutum tara, wanda ke ganawa da kowane ɗan takara ya yi masa tambayoyi kan yarjejeniyar da hukunce-hukuncen kotun, sannan ya wallafa matsayinsa: ya cancanta ƙwarai, ya cancanta, ya cika sharaɗi a takarda kawai, ko bai cancanta ba. A zaɓen 2020 Najeriya ta tsayar da Mai shari'a Ishaq Bello, Babban Jojin Abuja a lokacin. Kwamitin ya sa shi a mataki na uku, kuma bai samu kujerar ba. Rahoton bai ɗaure hannun ƙasashe ba, amma jakadu suna karantawa. Saboda haka a ware watanni ɗan takara ya zauna da lauyoyin da suka yi aiki a Hague, su yi masa gwajin ganawar da harshen da zai yi aiki da shi.

Zaɓen kansa a asirce ake yi a taron ƙasashe mambobi, kuma sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da aka kaɗa. Takardar ƙuri'a tana tilasta wa kowace ƙasa ta zaɓi wani adadi daga kowane jeri, da yankuna, da maza da mata. Wadda ta saɓa, ƙuri'arta ta lalace. Sharaɗin yanki da na jinsi yana faɗuwa bayan zagaye huɗu, don haka kafin a tsayar da kowa a lissafa alƙalai 12 da za su rage: nawa ne 'yan Afirka, nawa ne mata, nawa ne 'yan jerin A. Wannan lissafi ne zai nuna inda gurbi yake. A kuma shirya wa doguwar tafiya, domin zaɓen farko na Fabrairun 2003 sai da aka yi zagaye 33 kafin kujeru 18 su cika.