Darasi na 9: Liƙe Ramukan Haƙoran Yara

Ku haska bakin ɗanku da tocila, ku dubi haƙoran can ciki, waɗanda ake kira turame. A samansu akwai ƴan ramuka da tsagogi masu zurfi. Nan ne alewa da guntun abinci ke maƙalewa, inda asuwaki da buroshi ba sa isa, kuma daga nan kogon haƙori yake farawa. Likitan haƙori yana iya liƙe waɗannan tsagogi tun haƙorin na lafiya, kamar yadda ake yaɓe tsagar soro kafin damina. Babu allura, babu fafar haƙori.

Abin liƙin iri biyu ne. Na farko roba ce mai ruwa-ruwa. Sai an wanke haƙori, an shafa masa ruwan asid na ɗan lokaci don samansa ya yi kaushi, an ɗauraye, an busar, sannan a zuba ta. Wata robar ba ta daskarewa sai an haska mata shuɗin haske na kamar daƙiƙa 20 zuwa 40, saboda haka likita na da sararin gyara ta kafin ya kunna fitilar. Wata kuwa haɗi biyu ce, irin gam ɗin nan da ake cuɗawa kafin a manna ƙarfe. Da an gauraya, cikin minti 1 ko 2 ta kama da kanta. Abin da roba ta tsana shi ne yawu. In yawu ya taɓa wurin kafin ta daskare, ba za ta daɗe ba. Shi ya sa ake cusa auduga a gefen kumatu, ake kuma roƙon yaro kada ya rufe baki. Ku lallashe shi tun daga gida.

Na biyu garin gilashi ne da ake kwaɓawa da wani ruwa mai asid, ya sandare a hankali kamar siminti. Ya fi roba saurin zaizayewa, amma yana jure ɗan danshi, yana kuma sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori. A ganina babban alherinsa shi ne ba ya buƙatar lantarki: ma'aikacin lafiya da aka horar na iya danna shi da yatsa, sanye da safar hannu, ko a ƙauye.

Turamen dindindin na farko suna fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen 12. Da sun ɓullo, ku kai yaron asibiti, ku kuma riƙa komawa ana duba ko liƙin ya ɓantare.